Kwana Tara Muna Ba Allah Umarni

Tun ƙanena yana shekararsa ta biyu a seminari, makarantar da ake horar da masu son zama fada, wato limamin cocin Katolika, mutanen cocinmu suka daina kiran mahaifiyarmu da sunan da muka tashi muka ji ana kiranta. Ta koma Mama Fada. Da farko takan kaɗa hannu ta ce a bari, lokaci bai yi ba. Ba a yi wata uku ba na lura in an kira ta da tsohon sunan sai ta yi kamar kunnenta ya yi nauyi.

Ni ce 'yar fari a gidan. Tela ce ni, shagona yana Tudun Wada, kuma duk wanda ya san ni ya san bakina ba shi da linzami. Amma a kan wannan na kama bakina, don Inna ta sha wuya. Aiki ne ya kawo mahaifinmu Sakkwato daga wani ƙauye a kudancin Katsina, ya rasu ya bar ta da mu a wani ɗan gida a Mabera, autanmu ko yaye shi ba a yi ba. Da suyar masa a ƙofar gida ta raine mu. A garin da mu Katolika ba mu fi cikin cokali ba, a ce ɗan mai masa ne zai tsaya a bagade sanye da farar riga, manyan ma'aikata suna durƙusa masa, ai sarauta ce. Na ce a raina, bari tsohuwa ta ɗanɗana.

Wadda ta raɗa mata sunan ita ce uwar baftismar yaron, shugabar ƙungiyar addu'a ta matan cocinmu. A gabanta Mama nake ce mata, a bayan idonta Mai Wahayi. Mace ce doguwa mai ƙaton rosari, carbin addu'armu, da take ratayawa a waje kan riga don kada wani ya yi kuskuren rashin ganinsa. Allah yana yi mata magana kamar yadda maƙwabciya take leƙo kai ta katanga. Shi ya gaya mata wadda za a cire daga mawaƙa, shi ya gaya mata ɗinkin wace yarinya ne ya matse, shi ya nuna mata cewa kujerar gaba ta fi dacewa da ciwon ƙafarta. Shekara da shekaru ina sauraro, ban taɓa jin ranar da Allah ya saɓa wa ra'ayinta ba, balle ranar da ya ce mata ta yi shiru.

Autanmu ya shekara takwas a makarantar. Saura mataki biyu: a naɗa shi dikin, wato mataimakin fada, bayan kamar shekara guda a naɗa shi fada. Kafin matakin farko akwai ƙa'ida. Dole mutum ya zauna ya rubuta wa bishop wasiƙa da hannunsa, ba da na'ura ba, ya ce shi ne yake roƙon a naɗa shi, da son ransa, babu wanda ya tilasta masa. In babu wannan takarda babu naɗi. Da wannan aikin ya zo mana hutu a daminar shekarar, a kan zai miƙa wasiƙar ga fadan cocinmu kafin ya koma.

Kafin ya iso Mai Wahayi ta riga ta yi mafarki. Ta gan shi, in ji ta, cikin fararen kaya yana ɗaga ƙoƙon ibada a bagade, mala'iku dama da hagu. Saboda haka ta tara mata ta ce a buga ankon naɗi tun yanzu. Al'adarmu ce in za a naɗa fada a buga atamfa da hotonsa, dangi da 'yan coci su ɗinka su sa ranar biki. Amma ana bugawa ne in an sa rana. Wannan ko dikin bai zama ba. Da wata ta yi ƙoƙarin faɗar haka sai Mai Wahayi ta ce mai roƙon ruwa da gaske yakan kafa tulunsa a bakin indararo tun hadari bai haɗu ba. Aka yi tafi. Inna ta share hawaye.

Ni aka aika kasuwa in karɓo kayan, tunda ni zan ɗinka yawancinsu. Alhajin da ya yi mana odar tsohon abokin cinikina ne, wajensa nake sayen yadi tun ina koyon ɗinki. Ya warware turmi guda a kan tebur. Shuɗiya ce, ga fuskar ƙanena a cikin da'ira, an ɗaura masa farar kwala irin ta fada, wadda bai taɓa sawa ba, an jera shi daga wannan baki zuwa wancan kamar hoton ɗan takara. Alhaji ya gyara tabarau ya duba.

"Malama, wanga yaro an naɗa shi, ko za a naɗa shi?"

Na ce za a naɗa shi, in Allah ya so.

Ya ce, "To ai ku kun riga kun so, Allah kaɗai ar rage. Mu kam in munka yi istihara ba mu sa almakashi ga ƙyalle sai mun ga abin da anka zaɓa muna. Ku kun riga malam masallaci."

Na yi dariya har da riƙe ciki, amma kunya ta kama ni. Na ɗora kayan a keke napep ina tsaki har shago.

Kwana biyu da isowar autan na kira shi shago in auna shi, don Inna ta ce ni zan ɗinka masa sabuwar farar riga. Ina zagaya masa tef a ƙirji na ga ya rame sosai. Na fara yi masa tsiya, na ce ko dai wake ya ƙare a makarantar ne. Bai yi dariya ba. Idonsa yana kan tulin atamfar da ke kusurwa, fuskarsa tana kallonsa.

Ya ce, "Yaya, dakata da yankan."

Na tsaya da tef a hannu.

"Ban rubuta wasiƙar ba. Shekara biyu ke nan ina durƙusawa ba ni jin komi. Ban ce ba ni so ba, ban kuma ce ina so ba. Ban sani ba, Yaya. Fadan da ka ba ni shawara yac ce in taho gida in samu wuri in yi shiru, in saurara, in bar Allah shi yi magana."

Na naɗe tef ɗin na ajiye. A raina kuwa na gama yanke hukunci tun kafin ya rufe baki: yaron nan ba ya so, nauyin Inna ne ya hana shi faɗa. Na ce masa kada ya damu, ina bayansa. Gaskiya har wani daɗi na ji, don na hango ranar da Mai Wahayi za ta rasa inda za ta sa fuskarta.

Yaron bai iya ɓoye abu ba. A ranar ya gaya wa Inna. Inna ta yafa gyale ta fita, ko wutar murhu ba ta kashe ba. Ba a jima ba ta dawo da Mai Wahayi a gaba.

Mai Wahayi ta zauna a kujerar mahaifinmu, wadda ba mai zama a kai, ta saurari yaron da murmushi irin na wanda ya riga ya san ƙarshen labari. Ta ce babu laifi, ai neman nufin Allah abu ne mai kyau, ita ma aikinta ke nan. Za a yi nobena, addu'ar kwana tara, a tsakar gidanmu, mata duka za su zo. Za a buɗe zuciya a bar Ubangiji ya nuna hanya. Duk abin da ya nuna shi za a bi. Da ka ji yadda take faɗa sai ka rantse da gaske take.

Yaro ya ce shiru yake nema. Aka kawo masa mata ashirin da ganga.

Kullum da an idar da sallar la'asar a masallacin layinmu sai su fara shigowa, kowace da tabarmarta da kyandir. Akan dasa shi a tsakiya a kan kujera 'yar tsugunne kamar wanda za a yi wa aski. A ja rosari, a yi waƙa, sannan Mai Wahayi ta miƙe ta ɗora masa hannu a ka. Takan fara da kyau: "Ya Ubangiji, ka nuna mana nufinka." Numfashi ɗaya kawai take ja bayan wannan. Sai ta ci gaba: ka nuna masa cewa kai ka kira shi, ka kunyata Shaiɗan da ke son raba shi da bagade, ka sa alƙalami a hannunsa, ka cire masa tunanin mata, kada ka bar maƙiya su yi wa Mama Fada dariya. Mata su amsa da amin mai ƙarfi har kajin maƙwabta su watse. Ni a sana'ata na san bambancin mai zuwa ta ce "me kike ganin zai dace da ni?" da mai zuwa da hoton ɗinki a waya ta ce "wannan nake so, ranar Juma'a zan karɓa." Irin ta biyun muka yi wa Allah, kwana tara cur.

Alamu kuwa ba a magana. Kurciya ta sauka a kan katanga, alama ce, ko da yake kurciyoyin nan tun ina yarinya suke sauka suna tsintar tsakin Inna. An yi ruwa rana ta uku, albarka ce. Ba a yi ba rana ta huɗu, Allah ya buɗe sama don addu'a ta wuce. Iska ta kashe kyandir, Shaiɗan ne yake kishi. Bai mutu ba, Ruhu Mai Tsarki ne ya tsare. Na zauna ina lissafin wace alama ce za ta iya fitowa a ce tana nufin a'a, ban samu ko ɗaya ba.

Rana ta biyar haƙurina ya ƙare. Da aka zo wurin da ake cewa mai magana ya yi, na ɗaga hannu.

"Mama, tambaya gare ni. To in Allah yac ce a'a fa?"

Inna ta zuba mini ido irin wanda take mini tun ina ƙarama in na ɗauki nama a gaban baƙi. Mai Wahayi ta juyo a hankali.

"'Yata, Allah ba ya fara gini ya bar shi a rabi."

Na ce, "Ko dai atamfar ce ba a iya mayarwa?"

Wata ta ce subhanallahi, don mu ma nan muka tashi, bakinmu ya saba. Mai Wahayi ta rufe ido ta yi ɗan rawar jiki, sannan ta sanar cewa an nuna mata akwai ruhun gardama a gidan nan, kuma ba a nesa yake ba. Daga ranar aka hana ni zama cikin da'ira. Na koma bakin ƙofar kicin ina tsintar shinkafa, ina kallonsu, ina jin kaina sama da kowa a gidan.

Autan bai yi musu da kowa ba. Abin da kawai yake yi, da safe bayan an tashi daga Mas, wato ibadar coci, sai ya ƙi fitowa. Yakan zauna shi kaɗai a cikin coci har rana ta ɗaga, mai shara ya gama ya tafi ya bar shi. Rana ta bakwai daga can ya biyo shagona. Na ga fuskarsa ta ɗan saki, har ya sayi gyaɗa a hanya yana ci. Ya zauna a benci ya ce, "Yaya, akwai abin da nike son in hwaɗa miki." Na ce ai na sani, ba sai ka faɗa ba. Na shiga zazzaga masa abin da ke cikina game da Mai Wahayi, na kwaikwayi rawar jikinta, na kwaikwayi muryarta, na ba shi labarin Alhaji da istihara. Keken ɗinki yana gudu bakina yana gudu. Ya saurara, ya ɗan yi murmushi, can wata mai karɓar ɗinki ta shigo, ya tashi ya ce sai anjima.

Rana ta tara aka cika gidan har zaure. Wasu ma sun ɗaura ankon a ka, wai don ƙarfafa bangaskiya. Da aka gama, Mai Wahayi ta ce Ubangiji ya yi magana sarai, saura ɗa ya yi biyayya. Ta sa aka kawo takarda da biro aka ajiye a kan teburin tsohon kekena da ke rumfa. Yaron ya ce a ba shi zuwa gobe. Ya faɗa sau biyu, a hankali.

Sai Inna ta tashi daga tabarmarta. Ta tako har gabansa, ta dafa ƙasa, ta sa gwiwoyinta biyu a kan siminti. Uwa, a gaban ɗan da ta haifa, a gaban mutane. Ba ta ɗaga murya ba.

"Auta, ban taɓa roƙonka komai ba. Ka rufa mini asiri."

Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Yaron ya zabura ya kama ta yana cewa, "Inna, tashi, don Allah tashi," ta ƙi. Sai da ya je ya ja kujera ya ɗauki biro sannan ta yarda aka ɗaga ta. Ina tsaye a bayansa ina ganin hannunsa. Rubutunsa mai kyau ne tun yana firamare. Na ga lokacin da ya rubuta cewa da son ransa yake roƙo, babu wanda ya tilasta masa. Mata suka ɗauki guɗa. Mai Wahayi ta kalle ni ta gefen ido. Kafin magariba ita da Inna suka raka shi ya miƙa wa Fada wasiƙar.

Washegari ban buɗe shago ba. Ana tashi daga Mas na safe na bi Fada ofishinsa. Tsoho ne mai sanyin magana, shi ya yi jana'izar mahaifinmu. Na zayyana masa komai: atamfar da hoton kwala, kwana tara na ganga, alamun kurciya, durƙuson Inna, guɗar da aka yi a kan takarda. Ban rage ba, in ma da ƙari to a murya ne. Yana saurare yana murza goshi.

Da na gama ya ce, "Shi ya aiko ki?"

Na ce, "Ba sai ya aiko ni ba, Fada. Ni na goya shi, na san ƙanena."

Ya sauke hannu daga goshinsa. Sannan ya ce, "Abin da kika faɗa mini ba zan iya yin kamar ban ji ba. Takardar da aka rubuta uwa tana durƙushe ba za ta tsaya ba. Dole in sanar da na sama da ni." Na ce abin da nake so ke nan. Na fito ina jin kamar na ceto yaro daga rijiya.

Ba a yi mako biyu ba amsa ta zo. An jinkirta naɗinsa. Ya zauna a gida shekara guda, sannan a sake dubawa. Abokan karatunsa suka koma ba da shi ba.

A coci kuwa ba a jinkirta komai ba. Lahadin farko wata ta gaishe da Inna da tsohon sunanta, da ƙarfi, don na kusa su ji. Matan da suka cika mana gida suna amin, su ne suka koma raɗa in mun wuce, wai an kama shi da mace, wai jarrabawa ya faɗi. Mai Wahayi ta samu sabon wahayi nan take: ashe tun farko an nuna mata maciji a gindin gidanmu, ta yi shiru ne don kada ta tayar da hankali. Ba ta sake taka gidanmu ba. Kafin shekara ta zagayo ta samo wani yaron a wani gida tana ganinsa cikin fararen kaya. Atamfar kuwa kowa ya yi yadda ya ga dama da tasa. Na ga fuskar ƙanena a labulen wani kicin, na gan ta an goya jariri da ita. Inna ta daina zama a gaba, ta koma Mas na asuba inda ba kowa sai tsofaffi. Ta san ni ce na je wurin Fada. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Gaisuwa kawai take amsawa, ta ci gaba da juya masarta.

Duk wannan na ɗauke shi, har da ɗan alfahari. Ina ce wa kaina gaskiya ɗaci gare ta, kuma ko ba komai yaron ya huta. Abin da ya dame ni shi ne bai zo ya gode mini ba. Ya daina zuwa shago gaba ɗaya. Da na gaji na tare shi wata ranar Asabar yana wanki a bakin famfo, na ce masa ko ɗan sannu ai na ci.

Ya matse rigar da ke hannunsa ya ajiye a bokiti. Bai ɗago ba.

"Yaya, kin tuna ranar da niz zo shago da gyaɗa?"

Na ce na tuna.

"Ran nan da sahe ina zaune cikin coci, ba kowa. Ban ga komi ba, ban ji murya ba. Hankalina dai ya kwanta, irin kwanciyar da ban samu ba shekara biyu. Sai nij ji ina son aikin ga. Ba don Inna ba, ba don kowa ba. Ke niz zo in hwara gaya ma, don ke ɗai ta ba ki ɗora min hannu ga kai ba."

Na ce, "To mi yah hana ka hwaɗi?"

Ya ɗago ya kalle ni. Sai na tuna yadda bakina ya yi ta gudu a ranar.

Na ce, "Amma ai na ga yadda anka sa ka rubutu. Ka ce a ba ka zuwa gobe."

"Na ce a ba ni zuwa gobe don in rubuta ni ɗai, cikin ɗakina, in san tawa ta. Da Inna tad durƙusa sai abin yar rikice min, na kasa sanin don wa nike rubutawa. Na yi niyyar in koma wurin Fada da bakina in ce a ba ni takardar in sake ta cikin natsuwa. Da nit tahi, ashe kin riga ni."

Na ce to ai bakin alƙalami bai bushe ba, shekara guda ce, ya je ya gaya musu yana so.

Ya yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Na hwaɗa. Fada ya saurare ni, amma ina ganin idonai. Yanzu in na ce ina so, tsoron uwa na. In na rantse, tsoron uwa na da rantsuwa. Ni kaina yanzu in na durƙusa ban san muryar wa nike ji ba, ta Inna, ko taki, ko ta waccan matar. Kwana ɗaya tak na samu shiru, Yaya. Kwana ɗaya."

Ya ɗauki bokitinsa ya tafi shanya. Ya bar ni tsaye a bakin famfo.

Shekarar ta cika aka ce ya ƙara wata shekarar. Kafin ta biyun ta ƙare shi da kansa ya rubuta ya ce a bar maganar. Ya samu aikin koyarwa a wata makarantar firamare a nan Mabera, yara suna sonsa, yana kula da Inna fiye da yadda nake yi. Ba ya fushi da ni, ko kuma ya iya ɓoyewa. Har yau in na ga Mai Wahayi tana tafe da rosarinta a ƙirji raina yakan tashi, kuma ban janye ko kalma ɗaya daga abin da na faɗa a kanta ba. Sai dai yanzu tsakin ba ya fita da ƙarfi kamar da.

Ranar Lahadi yakan zauna a layin baya, ni kuma ina gefe inda nake hango shi. In aka zo wurin da Fada yake ɗaga gurasa, kowa ya sunkuyar da kai, ni shi nake kallo. Leɓɓansa suna motsi, yana bin kalmomin da fada kaɗai yake faɗa, ba ya kuskuren ko ɗaya. Shekaru sun wuce, muna cin tuwo a kwano ɗaya, amma ban taɓa tambayarsa ko har yanzu yana so ba. Tsoron amsar nake ji.